Ranar da Malam Kalilu Ya Dawo da Kara

Kowace safiya, da liman ya sallame sallar asuba, jama'ar garinmu kan watse, wasu gida, wasu gona, shi kuwa Malam Kalilu sai ya miƙe yamma. Diga a kafaɗa, shebur a hannu, buta tana reto a igiya. In ya isa ƙofar maƙabarta yakan tsaya ya yi wa mutanen ciki sallama da ƙarfi, irin ta wanda ya zo zauren maƙwabci, sannan ya ɗan yi shiru kafin ya sa ƙafa. Na taɓa tambayarsa, me kake saurare? Ya ce, "Ladabi ne kawai, Sharu. Ba a faɗa wa mutane gida haka nan." Daga nan sai ya bi kaburbura yana dubawa. Inda ƙasa ta rufta ya cike, inda kare ya yi tono ya toshe da ƙaya, inda awaki suka ɓalle shinge ya ɗaure. Sai rana ta take sannan ya zauna gindin tsamiyar da ke tsakiya, ya sha furar da matarsa Kulu ta dama masa.

Haka yake tun kansa na baƙi wuluk har ya koma fari fat. Garinmu ƙarami ne, nan ƙasar Baure cikin masarautar Daura, kuma babu gida ɗaya a cikinsa da Kalilu bai haƙa wa wani nasa makwanci ba. Bana gwiwa ta ƙi, ya ajiye diga, ya miƙa wa masu ƙarfi. Ba a yi taro ba, ba a ce masa sannu a bainar jama'a ba. Mutane ma ba su cika son haɗa ido da shi ba, don yana tuna musu abin da ba su son tunawa. Shi kuma bai sauƙaƙa wa kansa ba, in ya gamu da tsoho irina sai ya ce, "Na ware maka wuri mai inuwa, kada ka yi gaggawa, ba wanda zai ƙwace maka." Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani a kansa tun yana da kunnen ji.

Ga yadda aikinsa yake, don wanda bai sani ba. Da bazara, lokacin da zafi da sanƙarau ke ɗibar mutane, yakan haƙa manyan ramuka ya bar su a buɗe, don kada a zo da gawa a tsaya jira. Ƙaramin ramin ciki kuwa, wanda mamaci ke kwanciya a cikinsa, ba ya taɓa shi sai an kawo awo. In an yi rasuwa ana samun karan dawa a gwada tsawon mamaci daga kai zuwa diddige, a karya daidai, a aika masa. Da karan yake haƙa. Kuma a garinmu karan da ya tafi maƙabarta ba ya dawowa cikin gari. In an gama rufewa, a kan kabarin ake barinsa har gara ta cinye. Haka muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

To, da ƙwaya ta shigo mana a 'yan shekarun nan, masu shanta suka gane cewa duk garin babu inda ido ba ya kai wa sai maƙabarta. Kalilu ya fara tsintar kwalaben maganin tari da fatun ƙwaya a tsakanin kaburbura. Daga baya ya fara tsintar masu shan su kansu. Da rana tsaka suke zuwa, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa, lokacin da iyayenmu ke hana mu fita suna cewa ba mutane kaɗai ke yawo a sa'ar ba. Ya ce sai ka hango su a jingine da tudun kabari, ido a buɗe ba ya kallon komai, ƙuda na sauka a leɓe ba a korarsa. Ya ce wani lokaci in ya ɗago daga rami ya waiwaya, yakan ɗan jima kafin ya raba na saman ƙasa da na cikinta.

Ni mutum ne mai zafi a kan wannan al'amari, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Na ce masa a kira 'yan sintiri su yi musu dukan da za su daɗe suna tunawa. Wanda ya taka da ƙafarsa ya sayo abu, ya ɓare da hannunsa, ya kai bakinsa ya haɗiye, wa ya yi masa dole? Ganganci ne da rashin tsoron Allah. Masu cewa cuta ce, ni a ganina ado suke yi wa lalacewa. Kalilu bai kira kowa ba. Ƙarin tulu ya sayo ya ajiye gindin tsamiya, don ya lura in sun farka ƙishirwa ke fara kama su.

Cikinsu akwai Hafizu, ɗan Alhaji Hussaini mai fataucin shanu. Ba yaro ba ne, magidanci ne har ya taɓa aure. Dakon kaya yake yi a babur zuwa ƙetaren iyaka, tafiya cikin yashi mai karya baya, kuma a nan abokan sana'a suka koya masa tiramol wai don kada ya ji gajiya. Babur ya tafi, mata ta tafi, ƙwaya ta zauna. Mahaifiyarsa Maijidda tana kwance a maƙabartar, Kalilu ne ya rufe ta.

Wata rana da bazara, rana tsaka, Kalilu ya zagaya duba ramukan da ya haƙa ya ajiye. Yana leƙa ɗaya sai ya ga mutum a ciki, a miƙe, a kwance kan damansa, fuska tana duban gabas, daidai yadda ake kwantar da mamaci. Ya ce min ya san dai bai sa kowa a ramin nan ba. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya sauka. Hafizu ne. Jiki sanyi ƙalau cikin wannan zafi, ya girgiza shi, ya kira sunansa, ya yayyafa masa ruwa, ko gezau. Har ya yunƙura zai tafi ya sanar da gidansu, sai ya ji kamar kada ya bar shi shi kaɗai. Ya zauna bakin ramin yana kare masa rana da rigarsa. Sai da inuwa ta juya, can wajen la'asar, Hafizu ya buɗe ido.

"Baba Kalilu, na mutu ne?"

"Da ka mutu, da ba ni za ka fara gani ba. Fito min daga ramin mutane."

"Baba, ka bar ni. Nan ne kaɗai ba a kallona."

Ya jawo shi waje ya ba shi ruwa. Hafizu ya rarrafa zuwa kabarin mahaifiyarsa ya kifa goshi yana rantsuwa cewa ya bari har abada. Washegari Kalilu ya same shi yana tona tarin sharar da ya share, yana ɗaga kwalabe sama ko ɗigo zai faɗo masa a harshe, hawaye na zuba.

Da ya ba ni labari na ce, "Ka gani ko? Rantsuwar ɗan ƙwaya ke nan."

Ya ce, "Sharu, ni na ga masu saɓo da gangan. Suna dariya suke yi. Wannan kuka yake yi."

Na ce masa kuka ba tuba ba ne. Muka bar maganar a nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma wannan ba labari aka ba ni ba, ina wurin.

Wata rana da hantsi aka aiko cewa Hafizu ya rasu. Wansa Zakiyyu ne ya same shi a ɗakin ƙofar gida, a sheme, jiki ba ɗumi, kumfa ya bushe a gefen baki. An girgiza shi, an watsa masa ruwa, wani dattijo a dangi ya shafa masa ido ya yi salati. Shi ke nan. Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi: ba wanda ya duba da kyau, domin duk garin an daɗe ana jiran wannan rana. Duk wanda ka gaya wa sai ya ce, "Ai dama." Ga zafi, ga koyarwar da muka tashi da ita ta gaggauta mamaci zuwa makwancinsa. Nan da nan aka kai yadi wurin tela, aka ɗora ruwa da ganyen magarya, aka ɗauko makara daga masallaci aka jingine a bango. Aka sa jana'iza bayan azahar. Aka gwada shi da kara, Zakiyyu ya ɗauka ya yi maƙabarta.

Zakiyyu da bakinsa ya faɗa min yadda suka yi. Kalilu ya karɓi karan ya ce, "Na wa?"

"Na Hafizu ne, Baba."

"Wa ya duba shi?"

"Baba, ai kowa ya gani."

"Kowa ba sunan mutum ba ne. Ya sandare?"

Zakiyyu ya ce bai lura ba. Kalilu ya dubi ramin da ke gabansa, ya dubi karan, ya ajiye diga. Ya saɓa karan a kafaɗa ya nufo gari.

Wanda bai ga wannan tafiya ba ba zai gane ba. Rana ta take, titi fari fat, ga mai haƙa kabari yana tafe shi kaɗai da awon mamaci a kafaɗa, yana shigowa da shi cikin gari. Mai shayi ya bar tukunya tana tafasa ya shige rumfa. Mata suka janye 'ya'yansu suka turo ƙyaure. Duk gidan da ya doso sai ka ji shiru ya sauka, sai ya wuce sannan a yi ajiyar zuciya. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Kalilu, gidan wa?" Ya wuce abinsa. Wasu suka biyo shi daga nesa, ba mai ƙarfin halin matsowa.

Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Hussaini ya iso. Salati ya tsaya a bakin kowa. Alhaji Hussaini ya ɗago kai.

"Malam Kalilu, lafiya? Ramin ne bai samu ba?"

"Rami na nan, Alhaji. Mai ramin na zo gani."

"Ba a yin haka a garin nan."

"Na sani. Ka yi min izini in shiga."

Alhaji ya yi masa nuni da hannu kawai. Na tashi na bi shi, ni da mai wankan gawa. Hafizu na kwance kan tabarma an lulluɓe shi, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle, an haɗa manyan yatsun ƙafarsa an ɗaure. Ga tukunyar ruwa tana tururi, ga auduga a ƙwarya wadda za a toshe masa hanci da ita. Daga cikin gida kukan mata na tashi yana sauka.

Kalilu ya durƙusa. Ya ce, "Hafizu, Baba Kalilu ne." Shiru. Ya ɗaga hannunsa ya saki, hannun ya faɗi laƙwas. Ya cusa nasa hannun a hammatarsa ya jima. Sannan ya tsinko ɗan silin auduga daga ƙwaryar nan ya ɗora masa a ƙarƙashin hanci. Muka tsaya. Muka yi ta tsayuwa, har na ce a raina yau tsohon nan ya kunyata kansa a gaban gari. Sai audugar ta karkata. Ta tsaya. Can da daɗewa ta sake karkata.

Mai wanka ya ja da baya yana salati, ya yi tuntuɓe da tukunya, ruwan magarya ya malale ƙarƙashin tabarma. Mata ba su san abin da ake ciki ba, suna can suna kukan mutumin da ke numfashi.

Aka kira Alhaji. Ya shigo ya tsura wa audugar ido har ta motsa a gabansa. Na yi zaton zai yi hamdala. Abin da ya ce shi ne, "Ko ya tashi yau, gobe zai koma. Na yi faɗa, na yi duka, na ɗaure shi a ɗaki, na kai shi wurin malamai. Shi ya zaɓi wannan hanya, Kalilu. Ku bar shi nan. In Allah ya yi zai tashi, ya tashi."

Ban ga laifinsa sosai ba a lokacin, don na san abin da ya sha. Amma duk wanda ke ɗakin ya san ma'anar a bar shi nan. Numfashin da ke motsa silin auduga da ƙyar ba zai kai azahar ba, kuma ga likkafani tela ya kusa gamawa.

Kalilu bai tashi daga durƙuson ba. Ya ce, "Alhaji, da ɗan ƙanenka ya yi gudun ganganci a hanyar Mashi ya karye, wa ya ɗora shi kan babur? Shi ya hau. Ka ce a bar shi bakin titi tunda shi ya zaɓa? Da kanka ka kai shi wurin maɗori. Na yarda ƙwayar farko Hafizu ne ya kai bakinsa, kuma zai amsa a gaban Allah. Amma wannan da ke kwance ba zaɓi yake yi ba, numfashi yake nema. In kun bar shi ya cika, ku nemi mai haƙa muku. Ni ba zan haƙa ba."

Mutumin da ya haƙa wa ɓarawo, ya haƙa wa mahaukaci, ya haƙa wa baƙon da ba a san sunansa ba, ba a taɓa jin ya ce ba zai haƙa ba. Alhaji ya juya fuska ga bango ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama."

Lungunsu mota ba ta shiga, kuma babu abin ɗaukar mutum a kusa sai makarar da ke jingine. A kanta aka ɗora shi. Aka fito da shi aka yi gabas wajen bakin titi, aka ba maƙabarta baya. Mutanen hanya suka ga makara, suka yi abin da suka saba, kowa ya bar abin da yake yi ya shiga sahu don neman lada, ana ta "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta." Kalilu na gaba yana ɗingishi yana daka musu tsawa, "Da ransa! Ku ba da hanya, da ransa!" Wani da ya karɓi ƙafar makara ya ji haka, saura kaɗan ya saki. Aka samu a-kori-kura mai ɗaukar hatsi aka yi Daura da shi asibiti.

Kai ne, Kalilu, ka zauna a bayan motar nan cikin rana da kansa a cinyarka. Kai ne ka tsaya har ya buɗe ido. Na Kulu, maginin ɗakin ƙarshe, ranar kai ka hana a kai baƙo tun lokacinsa bai yi ba.

Likita ya ce musu abin ya riga ya kama jiki, sai an bi shi da magani da zuwa asibiti a kai a kai, kamar mai hawan jini, kuma yana iya komawa. Da aka sallamo shi gari ya ƙi shi. Yara na ganinsa su ruga suna fatalwa, fatalwa. Manya ba su sa hannu a kwano ɗaya da shi. Mahaifinsa bai kore shi da baki ba, amma bai ƙara yi masa magana ba. Zauren Kalilu ya koma, Kulu na ba shi tuwo, Kalilu na ci tare da shi.

Na je zauren wata rana da azahar na tarar da abin da har yau yake min yawo a ido. Hafizu na rawar sanyi cikin zafin da ke narka mutum, gumi na zuba, ya kama bakin rigar Kalilu ya danƙe da hannu biyu yana cewa, "Baba, ka riƙe ni. Kada ka bari in fita. Wallahi ƙafata za ta kai ni." Ƙofa a buɗe take, ba mari, ba igiya. Mutum ne ke roƙon a raba shi da ƙafarsa. Na tsaya na rasa sunan da zan ba wannan abu. Har yau ina nan kan bakana cewa mutum da ƙafarsa yake shiga, kuma duk yaron da zai fara ya sani ba shi da uzuri. Amma wanda na gani a zauren nan fita yake nema, kuma shi kaɗai ba zai iya ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya miƙe tun daga ranar ba. Da damina ya koma wa ƙwaya, Kalilu ya sake tsintarsa a maƙabarta cikin ciyawa. Na ce, "Ba na faɗa maka ba?" Ya ce, "Ka faɗa. Taya ni ɗaga shi." Na taya shi. Duk ranar asibiti kuma Kalilu ne ke hawa bayan ɗan acaɓa ya raka shi Daura, don in an bar shi ya tafi shi kaɗai yakan sauka a hanya.

Sai bana gwiwa ta hana shi ɗaga ƙafa ya hau babur. Ranar asibiti ta zo. Ya dogara sanda, Hafizu na biye da shi, har ƙofar Alhaji Hussaini. Muna zaune da Alhaji a dakali. Kalilu ya yi sallama ya ce, "Alhaji, yau ranar ganin likita ce, ni kuma ƙafa ta ƙi. Ba roƙo na zo yi ba. Na zo in gaya maka ne, tunda ɗanka ne." Ya samu gefen dakali ya zauna ya miƙe ƙafa.

Alhaji ya tashi ya shiga gida. Ya daɗe, har na fara tunanin ta ƙofar baya ya fice. Sai ga shi ya sa hula, yana turo babur ɗinsa. Ya tada shi, bai dubi kowa ba, ya ce, "Kai, hau." Hafizu ya hau baya yana ta neman inda zai sa hannu, ƙarshe ya kama bakin rigar mahaifinsa. Tun daga ranar Alhaji ne ke kai shi, kuma Hafizu ya koma kwana gidansu. Ko zai ɗore, Allah ne masani. Yau dai yana raye, yana taya wansa kiwon shanu.

Malam Kalilu, mun gode. Mun gode da waɗanda ka rufe mana cikin mutunci, mun kuma gode da wanda ka ƙi rufewa. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya saka wa Kulu da alheri, ya sa ranar da taka ta zo ka samu masu tsayawa a kanka yadda ka tsaya wa mutane.

Ku kuma jama'a, yana nan zaurensa ƙafa a miƙe, ku je ku gaishe shi ku haɗa ido da shi. Wanda ke da irin Hafizu a gidansa, kuma gidajen suna da yawa, ya yi masa faɗa, ban hana ba, ni ma ina yi. Amma in ya gama faɗan, ya sa hula ya tada babur.